Hanyar da Aka Ce Ta Mutu

Babana ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a kan keke. Garuruwa huɗu ne a hannunsa: namu da ke ƙasa a bakin kogi, da wasu ƙanana biyu a cikin kwari, da na can ƙololuwar tudu inda aka haife shi, wanda mu a gida muke ce wa garin sama. Har ya yi ritaya ba mai kiransa da sunansa, Mai Wasiƙa kawai ake cewa. Ko yanzu da ya haura saba'in, in ka kira shi da wani suna sai ya ɗan yi jim kafin ya waiwayo.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma ni kaɗai na rage kusa da gida. Ina aiki a ofishin yawon buɗe ido na yankinmu, ina buga takardu, ina amsa waya, ina jera ƙasidu a kan kanta. Aiki ne marar hayaniya, sai a shekarar da aka kawo mana sabon Darakta, ya zo da shirin shata wa baƙi hanyoyin keke. Yankinmu tuddai ne da koguna da tsofaffin garuruwa, kuma baƙi sun fara zuwa da kekunansu suna tambayar ta ina za su bi. Aka ɗauko wata injiniya daga babban birni. Ta yi wata biyu a ɗakin da ke kusa da nawa, kanta a sunkuye gaban kwamfuta, sannan ta fito da taswira mai kyan gaske. Jan layi ya bi gefen kogi a kan kwalta, tun daga garinmu har wani tsohon gari da ake ce wa garin ganuwa, kilomita arba'in da biyu.

Ranar da aka buga ta, na ɗauko kwafi ɗaya na kawo gida don in burge Baba. Na tarar ya kifa kekensa a tsakar gida yana ɗiga wa sarƙa mai. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya shimfiɗa taswirar a kan tebur ya danne kusurwoyinta da kofuna. Ya ɗora yatsa a kan jan layin yana binsa a hankali har ƙarshe, ya dawo ya sake bi.

Ya ce, "Ina garin sama?"

Na nuna masa wani baƙin ɗigo can gefe, inda takardar ta yi kore.

"Na ga ɗigo. Hanya nake tambaya."

"Ba a bi ta nan ba, Baba. An ce tsohuwar hanyar ta lalace."

"Wa ya ce?"

"Injiniya."

"Ta je?"

Na san ba ta je ba.

Tun da aka shimfiɗa kwaltar gefen kogi garin sama ya fara ƙanƙancewa. Mota tana kai wa can, amma sai ta zagayo ta bayan tudu a kan wata doguwar hanyar tsakuwa da direbobi ba sa so. Matasa suka watse, shaguna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yayar Baba, Gwaggo, tana can har yanzu, ta ce ba inda za ta. Kuma a garin ne gadar dutse take, wadda ta girmi duk wani gini a yankin, da hasumiyar agogo, da lunguna na dutse da ko mota ƙarama ba ta shiga. In akwai abin da baƙo mai keke zai so gani, to yana can. Baba ya naɗe taswirar ya miƙo mini.

Washegari da ƙarfe goma ina buga wata takarda sai na ga mutum ya jingina keke a jikin tagar ofis. Ya saka rigarsa mai kyau, ya cusa ƙafar wandonsa ta dama cikin safa kamar yadda ya saba. Bai ko kalle ni ba. Ya gaida masinja, ya ce yana son ganin Darakta.

Darakta mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta hana shi yin abin da ya riga ya shirya. Ya tashi ya ba Baba kujera, ya sa aka kawo shayi, ya kira Injiniya. Ƙofar a buɗe take, ina jin komai.

Ya ce, "Baba, mun san darajar garinku. Amma hanyar nan ta mutu."

"Yaushe ta mutu ba a aiko mini ba?"

Darakta ya yi dariya. Injiniya ba ta yi ba. Ta buɗe kwamfutarta ta juyo masa da ita, ta nuna masa hoton da aka ɗauka daga sama. Ta ce a kusa da ƙololuwa tudu ya zaftare ya rufe hanyar, kuma hawan ya yi tsauri ga baƙo.

Baba ya ce, "'Yata, daga sama ni ma in kika kalle ni hula kawai za ki gani. Na hau tudun nan da buhun wasiƙu sau uku a mako, rani da damina. Baƙin naku ba ƙafa biyu gare su ba?"

Darakta ya ce an riga an gama magana. Ranar Asabar kwamiti da 'yan ƙungiyar masu keke za su gwada hanyar kwalta, daga nan sai bugawa da yawa.

"To zan zo."

"Ai sunaye sun cika, Baba."

"Ba kujera na nema a motarku ba. Hanya ta kowa ce, keke kuma nawa ne."

Ya shanye shayinsa tas, ya yi godiya, ya fita. Bayan tafiyarsa Darakta ya zo ya tsaya a kan teburina, ya rage murya. Ya ce in riƙe mahaifina a gida ranar Asabar, don in ya faɗi a hanya sunan ofis ne zai ɓaci. Na ce to. Ban gaya masa cewa tun da nake ban taɓa ganin wanda ya riƙe Baba a gida ba.

Mama ta gwada nata. Likita ya daɗe da cewa gwiwar Baba ta hagu ta gaji, kada ya ƙara hawan tudu, kuma shekara huɗu ke nan iyakarsa kasuwa da bakin kogi. Ranar Alhamis ta sace iskar tayoyinsa biyu, ta ɓoye famfo a cikin kwandon wanki. Baba ya fito ya duba tayoyin, ya dube ta tana shara kamar ba ita ba, ya tura keken har wurin mai faci na bakin titi ya dawo a kansa yana kaɗa ƙararrawa.

Ta jefar da tsintsiya. "Kai dai ba ka jin magana! Gwiwar taka ta ƙarfe ce?"

"Ta tsoka ce. Shi ya sa nake so in yi amfani da ita kafin ta ƙare."

Ranar Juma'a da yamma ta kira ni kicin. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun da ba ki iya hana shi ba, to ki bi shi. In ya dawo mini a kwance, ke zan tambaya."

Da hantsin Asabar muka taru a dandalin bakin kogi. Mutum ashirin da 'yan kai, da matsattsun kaya masu sheƙi da hulunan kwano, kekunansu marasa nauyi masu giya barkatai. Ni aikina in zauna a motar ofis tare da Darakta da direba, da ruwan sha da kekuna biyu na ko-ta-kwana a baya. Injiniya tana kan keke, ta ɗaura wata na'ura mai auna nisa a hannun kekenta. Ana shirin tashi sai ga Baba ya ɓullo ta lungun gidan waya a kan baƙin kekensa mai nauyin tsiya, wanda ba shi da giya ko ɗaya. Ya ɗaure jarkar ruwa da ƙullin burodi a kariya, wurin ɗora kaya a bayan keken.

Shugaban ƙungiyar masu keke, wani siririn mutum da suke kira Dogo, ya zagaya keken yana dubawa. Ya ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi."

"Can za mu ai. Ka biyo ni ka gani."

Aka yi dariya, aka tashi. Darakta ya harare ni ta madubi, na mai da idona kan takardar sunaye.

Kilomita goma sha ɗaya na farko shimfiɗe suke. Kogi yana dama, gonaki suna hagu, tuddai a gaba suna ƙara girma. Baba yana can baya, bai yi sauri ba, bai kuma bari sun ɓace masa ba. Bayansa a miƙe yake, ƙafafunsa suna juyawa daidai wa daida kamar mai aikin da ya saba. Motarmu ce ƙarshe, don haka shi nake kallo duk tsawon hanyar.

A daidai tsohon injin yankan katako hanya ta rabu biyu. Kwalta ta ci gaba da bin kogi. Tsohuwar hanya ta karkata hagu ta shige cikin itatuwa, ciyawa ta cinye tsakiyarta. An tsaya nan shan ruwa. Baba bai tsaya ba. Ya miƙa hannun hagu kamar akwai motoci a bayansa, ya karya kwana.

Darakta ya leƙo ta taga. "Baba! Ba nan ba ne!"

Ko waiwayowa bai yi ba.

Na buɗe ƙofa na sauka, na zagaya baya na fara kwance igiyar ɗaya daga cikin kekunan. Rabona da hawa keke tun ina makarantar sakandare.

Darakta ya sauko ya ce, "Me kike yi?"

"Ranka ya daɗe, mahaifina ne."

"Kina bakin aiki. In kika bi shi, kada in gan ki ranar Litinin."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, na dai ji bakina yana cewa, "To sai dai ka rufe ido, don zan zo." Na ɗaure bakin siket ɗina, na hau, keken ya yi tangal-tangal ya kusa kai ni cikin kwata, sannan ya daidaita.

Ban yi nisa ba na ji ƙarar taya a bayana. Injiniya ce. Ta zo daidai da ni tana haki, ta ce, "Ni na rubuta cewa ba ta biyuwa. Gara in gani da idona." Daga cikin mutum ashirin ɗin ba wanda ya ƙara biyo mu.

Mun cim ma Baba a gindin hawa na farko yana jiranmu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Bai nuna mamaki ba. Ya dubi sirdina ya ce ya yi ƙasa, ya ciro sifana daga aljihu ya ɗaga shi. Sannan ya koya mana abin da shekara talatin da huɗu suka koya masa. Kada mu tunkari tudu kai tsaye, mu riƙa yanka shi daga gefe zuwa gefe. Kada mu kalli ƙololuwa, mu kalli itacen da ke gabanmu. Inda ya ce a sauka, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne, shi ma a nan yake sauka tun yana ɗan shekara ashirin da biyar.

Hawan ya ci mu. Cinyoyina suka ɗauki wuta, numfashina ya koma kamar na mai yankan katako da zarto. Amma hanyar tana nan. Duwatsun da aka jera a gefenta tun zamanin da suna nan daram, magudanan ruwan da aka sassaƙa a jikin tudu suna aiki. Injiniya takan tsaya ta durƙusa ta taɓa dutse, ta ɗauki hoto, ta rubuta wani abu. A wata kwana Baba ya jingina keke ya ture wasu ganyaye da hannu, sai ga ruwa yana fitowa daga tsagar dutse, mai sanyi har yana sa haƙora tsami. Muka sha muka wanke fuska.

Ya ce wa Injiniya, "Wannan ya fito a hoton naki?"

Ta ce, "Bai fito ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya karya burodi ya miƙa mana.

Rana ta kusa tsaka muka zagayo wata kwana mai kaifi, sai hanya ta ƙare. Gefen tudun gaba ɗaya ya sauko. Jar ƙasa da manyan duwatsu da itatuwan da suka tumɓuke sun rufe hanyar, sun gangara har cikin kwazazzabo, inda muke jin ƙarar rafi can ƙasa. Ciyayi har sun tsiro a kan ƙasar, alamar abin ya daɗe. Ba wurin taka ƙafa, balle taya.

Baba ya sauka. Ya daɗe a tsaye yana kallo, hannuwansa biyu a kan keke. A lokacin na gane cewa bai sani ba. Shekara huɗu bai hau nan ba, kuma duk gardamar da ya yi a ofis da hanyar da ya bari a ƙwaƙwalwarsa ya yi ta.

Injiniya ba ta ce ai na faɗa ba. Ta dai sunkuyar da kai tana duba na'urarta.

Na ce, "Baba, mu koma. Gangara ce, ba wuya."

"Ke kika hau tudun nan don ki koma?"

"To ta ina za mu bi?"

Ya juya ga Injiniya. "Kin yi gaskiya, ya zaftare. Wannan na ba ki. Amma ba ki san ɗayar ba." Ya ɗaga hannu ya nuna sama da kanmu, inda ni ban ga komai ba sai ƙaya da duwatsu. Ya ce akwai turbar makiyaya da ke bi ta saman wurin. Wata damina da ruwa ya cinye hanya, wata biyu yana bi ta can da buhu a kai da keke a kafaɗa.

Muka koma baya kamar taki ashirin, ya tsaya gaban wani dutse mai tsaga, ya kutsa. Turbar tana nan, faɗinta bai wuce tafin hannu uku ba, kashin awaki ya nuna har yanzu ana binta. Kowa ya saɓa kekensa. Namu ba nauyi. Na Baba kuwa ƙarfe ne zalla, kuma yana gaba yana hawa da shi, ina ganin jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Mun kai rabi gwiwar ta ƙi. Ban ji ƙara ba, na dai ga ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe, ya zauna daɓas a kan dutse, keken ya zame daga kafaɗarsa. Da Injiniya ba ta cafke kariyar ba da keken ya tafi kwazazzabo. Fuskar Baba ta yi fari, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin hularsa.

Na durƙusa zan taɓa gwiwar ya buge mini hannu. "Bar ta. Fushi take, za ta huce."

"Ba ni keken."

"Ba wanda ya taɓa ɗaukar mini keke."

Raina ya ɓaci, tsoro ya haɗu da gajiya. Na ce, "To yau za a fara. Na bar aikina a bakin titi saboda kai, Mama kuma ta ce ni za ta tambaya. In ka ga dama ka yi fushi har gida." Na ajiye nawa, na sunkuya na saɓa nasa. Ƙarfen ya nutse mini a kafaɗa har na ga taurari. Ya bi ni da kallo baki buɗe, sannan ya ce wa Injiniya, "Kin ga halin uwarta ke nan."

Sau biyu na yi turbar, na kai nasa na dawo na ɗauki nawa. Injiniya ta yanke masa sanda, ta naɗe masa gwiwar da gyalenta, ya dafa kafaɗarta suna takawa a hankali. Duk da haka ba ta daina ƙirga taki ba. Da muka sauko kan hanya a ɗaya gefen ta ce taki tamanin da bakwai ne. In aka sassaƙa matakala aka kafa ƙarfen riƙewa, ko tsohuwa za ta wuce da keke a hannu.

Daga nan zuwa ƙololuwa ba nisa. Muka tura. Da muka fito daga cikin itatuwa sai duniya ta buɗe. Koguna uku suna walƙiya a ƙasa, suna haɗuwa a bayan garinmu. Ga garin ganuwa can gabas kamar an zana shi, ga ƙananan garuruwan kwari da jajayen rufinsu, ga kwaltar gefen kogi siririya kamar zare. Injiniya ta cire hular kwanonta ta tsaya, ta ma manta da ɗaukar hoto.

Baba ya hau kekensa da ƙyar, ya bar ƙafar hagu tana reto. Gangara ce har garin sama. Muka sauka da birki a hannu, iska tana busar mana da gumi, muka haye gadar dutse tayoyinmu suna kaɗawa a kan duwatsunta da ƙafafu suka goge. Baba ya riƙa kaɗa ƙararrawa tun daga bakin gada. Wani tsoho mai gyaran takalma ya ɗago, ya miƙe tsaye ya ƙwala masa kira, "Mai Wasiƙa! Ta ina ka fito?"

"Ta inda na saba!"

Kafin mu kai gindin hasumiyar agogo mutane sun fito ƙofofinsu. Gwaggo ta taho da sandarta, ta haura tamanin amma muryarta tana nan. Ta dubi gwiwar da ta kumbura kamar ƙwarya, ta dubi fuskarsa.

Ta ce, "Tun kana yaro ba ka da hankali, na ɗauka tsufa zai kawo maka."

"Yaya, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da wauta. Shigo ka zauna."

Ta sa aka kawo ruwan sanyi da tsumma, tana ɗaure masa tana faɗa. Shi kuwa yana zaune a kan benci a ƙofar gida, ya tara maƙeri da magini da mai shagon da ya rage, yana ba su labarin taswira da baƙin ɗigo. Injiniya ta zagaya gari ita kaɗai, ta dawo ta zauna a kan dakali tana rubutu.

Mai shago ya ce zai kai Baba gida a motarsa. Baba ya ce ya faro a kan keke kuma garin ganuwa aka ce za a je. Daga garin sama zuwa can gangara ce kusan duka, don haka muka ƙyale shi. Mun isa da la'asar, awa uku bayan sauran. Mun tarar sun ci sun sha, an yi jawabai, ana loda kekuna a mota. Baba ya tsaya a gaban Darakta, ya sauke ƙafarsa mai lafiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na je na duba hanyar da ka ce ta mutu. Tana gaishe ka."

Darakta ya juya ga masu loda kekuna. Dogo ne ya matso yana tambayar Injiniya me ta gani, ta miƙa masa wayarta, nan da nan mutum biyar suka kewaye shi.

Ranar Litinin na je ofis da ƙarfe takwas, kafaɗata ta yi baƙi, ina taka matakala kamar tsohuwa. Darakta bai kore ni ba. Ya rubuta takardar tuhuma da hannunsa, kuma da yake ni kaɗai ce mai buga takardu, ni na buga abata, na gyara masa kuskure biyu, na kai masa ya sa hannu. Injiniya ta rubuta rahoto mai shafi tara tana neman a ƙara hanyar garin sama. Kwamiti ya ce an riga an ba da aikin bugawa. Rahoton ya shiga durowa, ita kuma aikinta ya ƙare ta koma birni. Kafin ta tafi ta zo gidanmu ta ba Baba zanen matakalar da awonta duka, ta ce ko da wani zai buƙata.

Baba ya yi mako uku a kwance, Mama tana yi masa jinya tana yi masa gori. Daga kan gadon ya aika wa magini da zanen. Mutanen garin sama suka fito da diga da shebur duk ranar da ba aiki, maƙeri ya haɗa ƙarfen riƙewa daga tsofaffin bututun ruwa. Dogo ya kawo mutum goma sha biyu daga ƙungiyarsa suka yi kwana biyu suna jidar dutse. Cikin wata biyu aka gama.

Da ya fara takawa, Baba ya samo katako ya rubuta da farin fenti cewa garin sama ta nan, kilomita tara, akwai ruwan sha a hanya. Ya kafa a mararrabar injin katako. Bayan kwana huɗu ofis ya aiko aka tumɓuke shi, wai ba a kafa allo a gefen titi ba izini. Ya rubuta wani, ya je wurin manomin da gonarsa ta yi iyaka da mararrabar, suka kafa shi taki biyu a cikin gona, ya fi na farko girma. Wannan ba wanda ya iya taɓa shi.

Baba bai ƙara hawa tudun ba. Gwiwar ta yi masa iyaka, kuma wannan karon bai yi gardama da ita ba. Amma kilomita goma sha ɗayan nan na shimfiɗe yana yin su duk Asabar. Yakan zauna a ƙarƙashin allonsa da sifana a aljihu, yana ɗaga wa baƙi sirdi, yana gaya musu inda za su sauka su tura.

Ni kuwa an ɗauke ni daga teburina an mai da ni rumfar bayan ofis, inda ake ba baƙi hayar kekuna. Hukunci ne, kowa ya sani. Rumfar kwano ce, ga zafi ga warin mai, kuma na koyi yin faci da ɗaure birki ba don ina so ba. Sai dai duk baƙon da zai hau hanya ta hannuna yake bi. Nakan ba shi keke da hular kwano da taswirar ofis mai jan layi, kamar yadda aka umarce ni. Sannan in ciro biro, in shimfiɗa taswirar a kan kanta, in ja masa layi daga injin katako zuwa baƙin ɗigon nan.

Wata rana Darakta ya shigo ya tarar ina yi wa wasu mata biyu. Ya tsaya har suka fita da kekunansu.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin rubutu a kan taswirar ofis?"

Na ce, "Tambayata suka yi ina ya fi kyau, ranka ya daɗe. Kai ka ce kada mu riƙa yi wa baƙi ƙarya."

Ya dubi tarin taswirorin da ke kan kanta, ya dubi biron da ke hannuna, ya juya ya fita. Na mai da murfin biron, na jawo keken da ke jiran faci.